TABA MAI BATIR: ABIN DA MASU BINCIKE SUNKA GANO

Bayan an gama yankan hatsi an kai dammuna rumbu, ajin yaƙi da jahilci na Kiyeshe ya koma karatu. Ran nan da marece wani dattijo daga cikin ɗalibai ya zo da wani abu cikin aljihu. Abin kamar ƙaramar cocila yake, launinsa ruwan ɗorawa, yana ƙanshin mangwaro. Ɗansa da ke cin rani Kwatano ne ya aiko mashi da shi. Ga saƙon da anka haɗo: "Baba ya bar sigari ya koma ma wagga, ita ba ta cutarwa."

Dattijon ya shekara fiye da 30 yana shan sigari, kuma tari ya dame shi. Ya miƙa ma malamin aji abin don ya karanta mashi. Malam ya juya, ya juya, ya ga rubutun duk Ingilishi ne. Sai anka gayyato majo na gidan likita. Ya zo ranar da anka sa, ajin maza da ajin mata sunka haɗu ƙarƙashin rumfa ɗaya. Ga jawabin da ya yi.

MI KE CIKINTA?

Majo ya yi sallama, ya gaida iyaye da ƴan'uwa. Ya ɗaga abin sama don kowa ya gani, ya ce:

"Wagga ita ake kira sigarin lantarki. Mu ce mata taba mai batir. A Faransa, irin wadda ake yarwa in ta ƙare, puf suke ce mata. Ba ganyen taba cikinta, kuma ba a kunna ta da ashana. Abu ukku ne ciki: batir, da wata ƴar waya a naɗe, da ruwa. In mutum ya zuƙa, batir ya gasa wayar, wayar ta tafasa ruwan, tururi ya shiga huhu.

"Ruwan nan ba na rijiya ba ne. Akwai wani abu mai kauri da ke sa tururi ya yi fari. Akwai ƙanshi. Sannan akwai nikotin. Ku riƙe wanga suna, malam zai rubuta shi bisa allo. Nikotin shi ne abin da ke cikin ganyen taba wanda ke kama mutum. Shi ka sa mai shan sigari ya tashi da asuba yana lalube aljihu. Ku masu garka kun san ƙarfinsa. In ƙwari sun faɗa ma kabeji ko tumatir, kuna jiƙa taba da tonka da sabulu ku feshe. Abin da ke kashe ƙwarin nan cikin taba, shi ne nikotin."

Ya ce wani mai haɗa magunguna na ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙera irin wagga taba ga shekara ta 2003. Mashayin sigari ne ƙwarai, kuma sankarar huhu ta kashe mahaifinsa. Ya so ya samu hanyar tsira. Amma har shekara ta 2015 shi kansa bai rabu da sigari sarai ba.

YADDA AKE BINCIKE

Majo ya ce kafin ya faɗi abin da anka gano, ya kamata jama'a su san yadda ake ganowa. Jami'a ita ce babbar lakwal, kamar Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai inda ake horon likitocinmu. Malaman jami'a suna koyarwa, suna kuma bincike.

"Kun san gonar gwaji," in ji shi. "In ma'aikacin gona ya kawo sabon iri, ba a yarda da bakinsa kawai. Ana raba fili biyu. Nan a shuka irin gida, can a shuka sabo. Ruwa ɗaya, noma ɗaya. Da kaka a ƙidaya dammuna. To, binciken lafiya haka yake. Sai dai hatsi wata ukku ko huɗu ne, a ga amfani. Cutar huhu kuwa tana iya yin shekara 20 ko 30 kafin ta nuna kanta."

Ya ba da misali da sigarin da kowa ya sani. Turawa sun daɗe suna shan sa, har likitocinsu. Ga shekara ta 1950 wasu malamai biyu na Landan, Richard Doll da Bradford Hill, sunka lura da cewa kusan duk masu sankarar huhu da ke kwance asibiti mashaya sigari ne. Ga 1951 sunka aika ma likitocin Ingila da takarda, kowa ya faɗi ko yana sha ko ba ya sha. Anka bi likitoci maza wajen 34.000 har shekara 50. In ɗaya ya rasu, a rubuta abin da ya kashe shi. Ga 2004 Doll, yana tsoho a Jami'ar Oxford, ya fitar da lissafin ƙarshe: in an kwatanta, mashaya sigari suna riga waɗanda ba su sha mutuwa da wajen shekara 10. Shi Doll ɗin, tun farkon aikin ya yar da sigarinsa.

Wani malami daga baya ya ce: "Majo, rai ai na hannun Allah." Majo ya ce: "Gaskiya ne, Malam. Ruwan sama ma na hannun Allah, amma ba mu fasa zaɓen iri ba."

Ya ci gaba: "Ku duba. Shekara 50 anka yi kafin a gama auna sigari. Taba mai batir kuwa ba ta daɗe da wuce shekara 20 duniya ba. Yawancin masu shan ta ba su tsufa ba tukuna. Don haka duk wanda ya ce maku ba ta cutarwa, ya ƙidaya dammuna ne tun hatsi bai fid da kai ba."

INDA TA FI SIGARI SAUƘI

Majo ya ce ba zai ɓoye abin da ke gefenta ba, don ɗan da ya aiko da ita ba mugunta ya yi ba.

Babbar cutar sigari daga ƙonewa take. In ganye ya ƙone, hayaƙinsa na ɗauke da abubuwa wajen 7.000, kuma wajen 70 daga ciki an san suna kawo sankara. Akwai baƙin kwalta da ke manne ma huhu. Akwai muguwar iskar nan da ke sumar da mutum in ya kwana da gawayi cikin rufaffen ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara. Taba mai batir ba ta ƙone ganye. Ga 2022 malaman King's College ta Landan sunka tara bincike fiye da 400 sunka duba. Sun ce dafin da ke shiga jikin mai shan ta bai kai na mai shan sigari ba, da nisa. Sun ƙara da cewa wannan ba ya nufin ba ta da lahani.

Sannan ya kawo gwajin da ya fi kama da gonar gwaji. Jami'ar Queen Mary ta Landan ce ta jagorance shi, an buga shi ga 2019. An ɗauki mutum 886 masu son barin sigari, an raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi an ba su taba mai batir. Rabi an ba su maganin bari, irin cingam ko abin mannawa ga fata. Duka ana zama da su ana ba su shawara. Bayan shekara guda anka ƙidaya. Cikin kowane mutum 100 na masu taba mai batir, 18 sun bar sigari. Cikin kowane 100 na masu magani, 10 ne sunka bari.

Majo ya sa malam ya rubuta 18 da 10 bisa allo. Sannan ya ce a cire 18 daga 100. Wata mata ta ajin mata ce ta riga kowa, ta ce 82.

"Madalla, Inna. To mutum 82 cikin 100 ba su bari ba. Kuma cikin waɗanda sunka bari, 8 cikin kowane 10 suna nan riƙe da taba mai batir har ƙarshen shekara. Sun tsere ma hayaƙi, amma nikotin bai sake su ba. An kwance akuya daga wanga turke an ɗaure ta ga wancan."

ABIN DA ANKA TARAS CIKIN TURURIN

Nan majo ya daɗe, don nan ne maganar "ba ta cutarwa" ta rushe.

Ga 2018 malaman Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sunka karɓi taba mai batir daga hannun mutum 56 masu sha kullum. Sunka auna ruwan tun yana kwalba, sunka auna shi bayan ya taɓa wayar, sunka auna tururin. Ruwan kwalba ƙarfe kaɗan gare shi. Amma da ya bi ta wayar mai zafi, sai ga darma da wasu ƙarafa sun ƙaru ciki.

Da anka ambaci darma, wani da ya taɓa zuwa haƙar zinariya ya ce ya san labarinta. Majo ya ce haka ne: ga 2010 gubar darma ta kashe yara fiye da 400 ƙauyukan Zamfara. Ya ce wadda ke cikin tururin ba ta kai ko kusa da waccan yawa ba, kada a tsorata mutane da abin da ba haka ba. Amma darma ba ta fita jiki da sauri, taruwa take yi. Kuma likitoci ba su san wani ɗan kaɗan nata da ba ya lahani ga yaro ba.

Ga 2015 Jami'ar Portland State ta Amurka ta gano cewa in wayar ta yi zafi fiye da kima, ruwan na fitar da formol, irin abin da ake sa ma gawa asibiti don kada ta lalace. Wasu malamai sun yi masu gardama, sun ce in ta yi wanga zafi ɗaci take yi, ba mai iya zuƙa. Majo ya ce haka masu bincike suke, wani na duba aikin wani, kuma shi ya sa ake yarda da su.

Cikin shekarar nan kuma Jami'ar Harvard ta auna ƙanshi iri 51. Cikin 39 ta samu wani sinadari mai suna diyasetil. An san shi tun da, don ya taɓa lalata huhun ma'aikatan wata masana'antar gugguru da ke shaƙar sa wurin aiki. Majo ya ce a nan akwai abin lura. Yawancin ƙanshin nan an yarda da shi ne don a ci, cikin alawa ko biskit. Ciki na iya narkar da abin da huhu ba ya iyawa. "Fura abinci ce," in ji shi, "amma wanda ta sarƙe ya san ba hanyarta ke nan ba."

Sai ya ba da labarin abin da ya faru Amurka ga 2019. Samari da ƴanmata masu ƙarfi sunka dinga zuwa asibiti numfashi na gagarar su. Zuwa watan Fabrairu na 2020 an kwantar da mutum 2.807, mutum 68 sun mutu. Da anka bi sawu, sai anka taras yawancinsu ruwan da anka haɗa da wiwi sunka sha, wanda ake saidawa ta bayan fage. Masu haɗa shi sun zuba wani mai don ya yi kauri. Man nan ne ya toshe huhu.

"Ba kowace taba mai batir ke da wanga mai ba," in ji majo. "Amma ku tambayi kanku. Wagga da ke hannuna, wa ya haɗa ruwanta? Wa ya auna shi? Ta biyo jaka daga hannu zuwa hannu har ta iso nan. Ni da na yi karatun lafiya ba ni iya faɗa maku abin da ke ciki da ido. Maganin ƴan tebur ma kun ga yadda yake, balle abin da za a kai huhu."

MAGANAR YARA

Majo na shirin wucewa gaba, sai uwargidan dattijon ta yi magana daga gefen mata. Ta ce tana da abin faɗi, ko da malam zai ji haushi. Ta ce shekaranjiya ta taras da jikokinta biyu bayan rumbu da abin nan. Babban bai wuce shekara 12 ba. Suna miƙa ma juna suna dariya, wai mangwaro suke sha. Dattijon bai sani ba sai lokacin. Wurin ya yi tsit.

Majo ya ce: "Inna, kin kawo mu ga babbar magana. Yaron da zai yi tari ya yar da sigari tun zuƙar farko, wagga ba ta ƙone mashi maƙoshi. Daɗi zai ji. Ba don tsoho mai shekara 60 anka sa mata ƙanshin mangwaro da launin alawa ba."

Ya ce ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Nikotin ya fi saurin kama ɗanyen kai, kuma yana iya taɓa hankalin yaro wajen natsuwa da koyo. Haka yake cutar da jinjiri cikin cikin uwarsa, don haka mai ciki kada ta kusance shi, ko na sigari, ko na batir, ko na tabar gari da ake haɗawa da kanwa a sa baki.

Ya kawo binciken Jami'ar Kudancin Kalifoniya na 2015. An bi ƴan lakwal 2.530 masu shekara 14, waɗanda ba su taɓa shan taba mai hayaƙi ba. Bayan wata 6 anka koma. Cikin waɗanda sunka riga sunka ɗanɗana taba mai batir, wajen 31 cikin 100 sun shiga shan sigari, ko shisha, ko wata taba mai hayaƙi. Cikin waɗanda ba su ɗanɗana ba, 8 cikin 100. Ya ce malamai na gardama bisa wanga lissafi. Wasu sun ce ita ce ƙofar. Wasu sun ce yaran ne dama masu rawar kai. Amma ba malami ko ɗaya da ya ce a ba yaro. Ga 2025 OMS ta ƙiyasta yara aƙalla miliyan 15 masu shekara 13 zuwa 15 na shan ta duniya.

Akwai kuma haɗarin ruwan kansa. Ga 2014 wani jariri ɗan shekara guda ya mutu jihar New York bayan ya haɗiye ruwan nikotin. In yaro ya sha shi, zai yi amai, miyau na zuba, jiki na rawa. A ruga da shi gidan likita tare da abin. Batirin ma kada a yar da shi cikin murhu ko a bar shi cikin rana, yana iya fashewa.

Ya ce shi ya sa gwamnatoci sunka tashi. Indiya ta hana saida ta ga 2019. Faransa ta hana puf ga watan Fabrairu na 2025. Ingila ma, wadda ke ba manya masu son barin sigari shawarar gwada ta, ta hana irin ta yarwa daga 1 ga Yuni 2025. Mu nan Nijar muna da dokar yaƙi da taba tun 15 ga Mayu 2006, wadda ta hana tallan taba da shan ta wuraren taruwar jama'a.

TAMBAYAR DATTIJO

Dattijon ya gyara zama. Ya ce: "Ɗana, bar maganar Turawa. Ni yanzu mi zan yi? Da rana ina zuƙar wagga. Da dare bayan tuwo sai na sayi kara biyu wurin mai tebur. Da kwali guda nake sha. Ai na rage."

Majo ya ce: "Baba, ka rage kuɗi, wannan gaskiya ne. Amma ji abin da malaman University College ta Landan sunka gano ga 2018. Mutum zai zaci mai shan kara 1 a rana haɗarinsa kashi ɗaya ne cikin 20 na mai shan kwali. Ba haka ba ne. Wajen ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, mai kara 1 na ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin mai kara 20. Amfanin da anka samu ga taba mai batir na wanda ya yar da sigari ne gaba ɗaya. Mai haɗa biyu bai fita ba."

Dattijon ya ce shi ai ya tsufa, bari ba shi da sauran amfani. Majo ya ce a koma ga lissafin likitocin Ingila. Wanda ya bari yana da shekara 30 ya maido kusan duk shekara 10 ɗin nan. Mai 50 ya maido wajen 6. Mai 60 ya maido wajen 3. "Damina ukku, Baba. Ba ƙaramin abu ba ne."

Ya ce hanyar da ta fi ita ce a sa rana a yar da duka. Kwanakin farko su ne masu wuya: haushi, ciwon kai, rashin barci. Bayan mako biyu zuwa huɗu abin na sauƙi. Mai azumi ya riga ya san yana iya wuni bai sha ba. A faɗa ma iyali da abokan fada don su taimaka, kada a miƙo kara. Wanda ya gwada ya faɗi ya sake gwadawa, da yawa sai sun yi sau da dama. Ya ce ƙofar gidan likita buɗe take ga mai son shawara.

Sannan ya ce akwai abin da ya fi wannan gaggawa. Tarin da ya wuce mako biyu ba a zama da shi gida. Sigari na buɗe ma tarin fuka hanya. Ya roƙi dattijon ya zo da safe a ɗauki majinarsa a auna. In shi ne, maganinsa kyauta ne, wata 6 ake sha.

Rana ta yi ƙasa, anka yi addu'a, mata sunka tashi. Malamin aji ya bar kalma ukku bisa allo don kwafi: huhu, nikotin, bincike. Dattijon ya miƙa ma majo tabar ya ce ya tafi da ita, gidansa akwai jikoki. Sannan ya yago takarda daga littafinsa, ya ce ma malam ya zauna kusa da shi ya duba mashi baƙaƙe. Wasiƙar Kwatano da hannunsa zai rubuta ta.